Uwar Katanga Ta Dawo

Litinin, da hantsi

Tabon ya sake komawa hannun dama. Shafi na huɗu da na bakwai.

Tun ranar da Yaya ya ƙirƙiro Katanga, tauraron mujallarmu ta zane, tabon nan a hannun hagu yake, inda rodi ya tsage shi sa'ad da yake tono mahaifiyarsa daga ƙarƙashin benen da ya rufta. Bai same ta da rai ba. Daga nan ne magini ya zama jarumin da in ya kafe ƙafafunsa ko tirela ba ta gusar da shi. Duk yaron da ke sayen mujallarmu ya san wannan fiye da karatunsa na makaranta.

Na kai wa mai launi shafukan, na ce ya juya hoton a kwamfuta. Ya ce, "Malama, ba yau aka fara ba fa. Oga lafiya kuwa?" Na ce gajiya ce, shi dai ya juya.

Shekara goma sha shida muna wannan aiki. Yaya ya tsara labari ya zana, ni in cika kumfar magana da ke fitowa daga bakin mutanen zanen, in kuma tabbatar jiya ba ta ƙaryata yau ba: wa ya mutu, wa ya san ainihin fuskar Katanga, da wace ƙafa tsohon abokin gabarsa Gara yake ɗingishi. Yaya kan ce wa baƙi, "Ni hannu ne kawai, ƙwaƙwalwar tana wurin Auta." Da wasa yake faɗa.

Laraba, da yamma

Na biya gidansu karɓar sauran shafuka. Yana zaune a teburinsa na bakin taga, fensir ɗaya a hannu, ɗaya a bayan kunne, yana neman na uku. Da ganina ya ce, "Auta, ƙiba kika yi ko ƙofar ce ta tsuke?" Na ce ƙofar ce, maginin gidan bai iya aiki ba. Ya yi dariya har da tari. Na ce a raina, to ai ga shi nan lafiyarsa ƙalau.

Matarsa ta ja ni kicin ta tura ƙofa. Ta nuna mini butar shayi, gindinta ya ƙone ƙurmus. Ta ce shekaranjiya ya fita sayen tawada, layi biyu kawai daga gida, sai mai shagon taya ne ya rako shi, ya same shi tsaye a mararraba yana kallon motoci.

"Don Allah kar kowa ya ji a ofishinku," in ji ta. "Aikin nan ne ke tashinsa da safe."

Na ce, "Haba Anti, ni?"

Juma'a, da rana

Mujalla ta fito. Da muka juya hoton, mun manta da allon shagon walda da ke bayan Katanga, rubutun ya fito a baibai. Masu karatu sun gani kafin mu. Akwai wani mai kiran kansa Tsohon Makaranci, wanda ba ya barin ko ɗigo ya wuce a shafinmu na intanet, ya rubuta: "Ko dai Gara ya bar cin gine-gine ya koma cin ƙwaƙwalwar masu mujallar?"

Na yi dariya. Sai na daina.

Litinin, da azahar

Sababbin shafuka. Katanga ya tarar da Gara a bakin gada, ya rufe shi da duka tun kafin ya buɗe baki.

Laifi biyu ke nan. Na farko, Katanga ba ya fara duka, bai taɓa ba, tsayawa yake yi a doke shi har mai dukan ya gaji. Na biyu, Gara ya tuba tun shekara biyu da suka wuce. Yanzu shi ke shiga cikin bango ya gano ginin da ya kusa faɗuwa ya zo ya faɗa. Yaya da kansa ya zana shafin sulhunsu, ina tsaye a kansa, har ya ce hayaƙin janareta ne ya shiga masa ido.

Na ɗauko wancan tsohon bugun daga kanta na tafi da shi. Na ce, "Yaya, ai sun shirya."

"Su wa?"

"Katanga da Gara."

Ya ajiye fensir. "Ni na haife su, ke za ki gaya mini halinsu?"

Na miƙa masa. Ya buɗe a hankali, ya daɗe a shafin sulhun, ya shafa shi da yatsa. Ya ce, "Wa ya zana wannan? Yaron yana da hannu." Sannan ya ɗago ya kalli fuskata, ya fashe da dariya, ya ce ya kama ni.

Ban sani ba ko wasa ne. Har yanzu ban sani ba.

Talata, da safe

Na gyara da magana. Na sa faɗan ya zama na ƙarya, sun shirya shi ne don su yaudari wanda ke leƙensu daga saman gada. Babu kowa a saman gadar, mai launi ya ƙara wata inuwa. Ya zauna daram. Abin kunya, har na ji daɗin dabarar.

Alhamis, da la'asar

Edita ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya kashe fanka don takardu su daina tashi. Ya zuba mini ruwa. Edita bai taɓa zuba wa kowa ruwa ba.

Ya ce shi ba yaro ba ne, ya ga shafukan kafin gyara. Ya ce mutum tara ke cin abinci da Katanga, kuma masu karatu suna yafe mummunan zane amma ba sa yafe a canza musu mutum. "Yaro ya girma da wannan jarumi, ya san abin da zai yi da abin da ba zai yi ba. Ranar da ya daina saninsa, ranar zai ajiye mujallar." Sannan ya ce, "Ki gaya mini gaskiya, yayanki lafiya?"

Na faɗi abin da na faɗa.

Tambayata aka yi. Aikina na yi.

Juma'a

Ban je gidansu ba.

Asabar, da hantsi

Tambayata aka yi, amma ba a tambaye ni butar shayi ba. Ba a tambaye ni mai shagon taya ba. Ni na ƙara su, don Edita ya yarda ba sakacina ba ne ya sa allon walda ya fito a baibai.

Ga abin da ya yanke: Yaya zai ƙarasa bugu ɗaya, daga nan a ɗauko sabon mai zane, ni kuma in riƙe labarin gaba ɗaya. Ya ce ni zan faɗa masa, tunda jini ɗaya ne, zai fi sauƙi.

Da ya ce "ki riƙe labarin", wani abu ya yi tsalle a ƙirjina. Shekara nawa ina kawo shawara Yaya yana cewa, "Katanga ba zai yi haka ba." Ina da labarin ambaliya tun kafin in yi aure. Abin ya yi tsalle, na danne shi, amma ya riga ya yi.

Maigidana ya ce, "To da wa kike so a ba wa? Bare?" Na ce ba ka gane ba. Ya ce to ki ganar da ni. Na tashi na hau wanke kwanukan da na riga na wanke.

Talata, da safe

Asibiti. Ni da Anti muka kai shi, da sunan duba hawan jini. A hanya yana ta tsokanar direban tasi wai motarsa ta girme shi.

Likitar mace ce, mai sanyin murya. Ta gaya masa kalmomi uku ta ce ya riƙe. Ta ba shi farar takarda ta ce ya zana agogo. Ya dube mu ya ce, "Yau an zo gidana." Ya zana agogon bango mai katako, da inuwarsa, da ƙusar da aka rataye shi, har da ɗan tsagewa a gilashin. Likita ta ce, "Kai, Alhaji, wannan ai sai a saya." Ta ce ya sa lambobi.

Duk ya tara su a gefe ɗaya, kamar mutanen da ke gudun rana.

Ya kalle su. Ya ce fensir ɗin asibiti ba shi da kyau.

Kalmomin uku, ya tuna ɗaya.

Ta tura shi awon jini, ta zaunar da mu ta faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi ba. Anti ta tambaya ko akwai magani, aka ce akwai mai rage gudu. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya sa dai ofishinku ba su sani ba." Na ce amin.

Na ce amin.

Laraba, da yamma

Ban faɗa masa ba. Yana cin abinci.

Juma'a, da yamma

Ban faɗa masa ba. Yana zane, ba a katse shi in yana zane.

Litinin, da hantsi

Ya aiko da shafi takwas. Na baza su a teburin ofis, mai launi ya zo ya tsaya yana kallo.

Katanga ya dawo gida da ƙura a kafaɗa. Ya tura ƙofa. Mahaifiyarsa tana zaune a kujerar roba tana gyaran maɓallin riga. Ta ce ya cire takalmi. Ta duba tsagar hannunsa ta yi masa faɗa. Ya zauna a ƙasa ya jingina kansa da gwiwarta. Shi ke nan. Babu faɗa, babu gini mai faɗuwa. Shafi takwas na uwa da ɗa.

Matar nan ta mutu tun bugu na uku. A kan kabarinta aka gina komai.

Kuma ba fuskarta ba ce. Fuskar Inna ce. Innarmu, da 'yar wushiryarta, da yadda take cije zare da gefen baki, da tabarau ɗin da aka ɗaure ƙafarsa da waya. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, kuma ko a hoto ban ga kamanninta kamar a nan ba.

Bai taɓa zane mai kyau irin wannan ba. Na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Litinin, da la'asar

Na kira shi a waya. Na ce, "Yaya, shafukan nan, mafarki Katanga yake yi ko?"

Ya ce, "Mafarkin me? Gida ya je. Mutum ba zai je gida ya ga uwarsa ba?"

Na ce haka ne.

Talata, da azahar

Edita ya ce ko dai a yar da su, ko a gyara. Na ce ba za a yar ba.

Na ƙara ɗan akwati a saman shafin farko: "Barci ya sace shi a kan tulin bulo." Na sa mai launi ya dusashe gefunan, ya mayar da komai ruwan zuma. A ƙarshe muka yanko wani tsohon hoto na Katanga yana farkawa shi kaɗai, muka liƙa. Kalma takwas da hoto ɗaya, na sake kashe matar.

Mai launi ya ce, "Malama, ya yi kyau fa." Na ce ya yi mini shiru. Daga baya na ba shi haƙuri.

Aikina na yi.

Asabar, da rana

Bugun ya fito, kuma kafin azahar ya ƙare a wurin masu sayarwa. Tsohon Makaranci ya rubuta doguwar magana, ya ce ya janye duk abin da ya faɗa, ya ce wannan ne Katangan da ya sani, mutumin da ko a mafarki bai daina kewar uwarsa ba. Ya ce ya rasa tasa bara. Mutane suna ta amsa masa da labarin nasu iyayen.

Edita ya tsaya a tsakiyar ofis ya ce a tafa mini. Aka tafa.

Sabon mai zanen ya zo gaisuwa, ya ce da zanen Yaya ya koyi riƙe fensir. Ya tambaya ko zai iya zuwa ya gan shi. Na ce ba yanzu ba.

Lahadi, da la'asar

Na so in ɓoye bugun, amma maƙwabcinsu ya riga ni, ya kawo masa har da taya murna.

Na same shi a falo da mujallar a cinya. Bai tsokane ni ba. Ya sa yatsa a kan akwatin nan ya ce, "Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Yaya."

"Na ce miki barci yake yi?"

"A'a."

"To don me?"

Na fara bayani, bugu na uku, bene, tabo, masu karatu. Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Kin shiga gidan mutum kin ce masa uwarsa mafarki ce. Auta, wa ya koya miki wannan rashin kunyar?" Ya ninke mujallar ya tura ta ƙarƙashin kujera. Can ya ce, "Bari Inna ta dawo, ita za ta raba mu."

Anti tana tsaye da faranti. Ta ajiye shi a kan talabijin ta fita.

Litinin

Ban je ofis ba. Na ce kaina ke ciwo, kuma yana yi.

Laraba, da safe

Anti ta kira tana kuka. Jiya ya dame ta da tambaya, ina Inna, me ya sa ba ta zuwa, ko an yi mata laifi ne. Ta zaunar da shi ta gaya masa gaskiya. Ta ce bai taɓa kuka irin wannan ba, ko a ranar rasuwar ma. Yana ta cewa don me aka ɓoye masa, wane irin ɗa ne shi da ba a kira shi ba. Da ƙyar ya lafa.

Yau da safe ya sha shayi ya ce, "Wai ina Inna ne?"

Ta ce, "Ba zan iya sake kashe masa ita kullum ba."

Na ce kar ki sake. A gaya masa ta fita.

Daga nan ta ce, "Editanku ya kira ni, yana tambaya yaushe za a zo ɗaukar babban teburin ofis da ke wurinsa. Ya ce ke kin san maganar." Na buɗe baki. Ta ce, "Ba sai kin ce komai ba. Ki dai zo ki gan shi, yana nemanki." Ta kashe.

Da ta zage ni da ya fi.

Alhamis, da yamma

Na roƙi Edita a bar teburin. Ya ce a bari.

Yaya ya manta faɗanmu. Ya ce ƙofar ta ƙara tsukewa. Ya tambaye ni Inna, na ce ta je kasuwa. Ya ba ni shafi uku in kai ofis. Na sa su a jaka, na kawo su gida, suna saman kabad ɗina a cikin zanen gado.

Na fara rubuta labarin ambaliya. Yana tafiya kamar ruwa. Ina jin haushin yadda yake tafiya.

Asabar, da la'asar

Muna falo mu uku. Yana feƙe fensir a cikin murfin kwalba. Bai ɗago ba ya ce, "Auta, ina kika ce Inna ta je?"

"Kasuwa."

Ya juya wurin matarsa. "Ke kuma da safe kin ce asibiti, duba wata ƙawarta."

Ya hure bakin fensir ya duba tsininsa.

"Labarinku bai daidaita ba," in ji shi. "Ke da aikinki ke nan, Auta. In za ku yi, ku zauna ku shirya magana ɗaya."

Idonsa tar, irin na da. Ya ajiye fensir ya ce, "Yaushe ne?"

Na ce, "Shekara huɗu, Yaya."

"Ina wurin?"

"Kana wurin. Hannunta yana cikin naka. Kai ka rufe mata ido."

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Hawaye ya zubo amma bai yi ƙara ba. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Abin da nake tsoro ke nan, a ce ba na nan." Anti ta matso ta zauna a hannun kujerarsa.

Can ya ce, "Zan sake tambaya, ko?"

Anti ta ce, "Wataƙila."

"To ku ce kasuwa. Inna ba ta son asibiti, ko warinsa. Kasuwa ta fi kama da ita." Ya nuna ni da fensir. "Ki rubuta, kar ku sake ruɗewa."

A lokacin ya kamata in faɗa masa ɗaya maganar, ta aikinsa. Yana nan gaba ɗayansa, zai gane, zai yi faɗa, wataƙila ma ya yafe. Na ce, "Yaya." Ya ce, "Na'am." Na ce, "Shayinka ya huce." Anti ta kalle ni, ta ɗauki kofin ta tafi ɗumamawa.

Lahadi, da hantsi

Na same shi a teburin bakin taga, rana a kan takardarsa. Ya ce, "Wai ina Inna?"

Na ce, "Ta je kasuwa."

Daga kicin Anti ta ɗaga murya, "Kasuwa ta je."

Ya yi dariya ya ce, "Inna da ciniki! Sai ta sa mai tumatir kuka. Ba ma ganinta sai yamma." Ya ci gaba da zane yana ɗan fito.

Da zan tafi ya miƙo mini shafi biyu, ya ce in yi sauri kar Edita ya yi ta jira, kuma in kula kar su lanƙwashe.

Na karɓa da hannu biyu.